Kwamfutar da Ta Ƙi Barci

Fankar kwamfutar dai ta sake tashi. Babaji ko gama jingina da kujera bai yi ba sai ga ta, fuuuu, allon ya kawo haske kamar wani ya taɓa kibod. Kuma ba wanda ya taɓa komai. Ta bayan labule, a uwar ɗaka, Fadila tana ta tsala kuka.

"Abban Fadila," matarsa Ramla ta ce daga ciki, muryarta duk a gajiye, "don Allah ka ƙyale abin nan haka nan. Ƙararshi ce hwa ke tada ta."

"Shi nake gyarawa ai. In ta yi barci ba za ki ƙara jin ƙara ba."

"Wa, ita ko kwamfutar?"

"Su duka."

Ka san Babaji dai, in kana so ka ba shi aiki ka ce masa abu ba ya yiwuwa. Sana'arsa haɗa bidiyon biki da na suna, a nan falonsa na Ƙofar Durbi yake yi. Manhajar da yake mutuwar so ba ta aiki sai a kan kwamfuta ƙirar Mac, shi kuma Mac ta fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya ce to shi zai haɗa tasa. Ya tsinto bod, wato faifan da ake jera kayan cikin kwamfuta a kai, a wajen 'yan gwanjo, ya samo sauran kayan ciki nan da can, ya ɗora mata tsarin Mac ɗin da ƙarfin tsiya.

To abin da mutane ba su sani ba, shi wannan tsarin ba a yi shi don irin wannan tarkacen ba. Wayo ake yi masa. Kwamfutar za ka koya wa ƙarya ta ce ita ma Mac ce, sannan ka bi kowane ɓangare kana lallashi, yau hoto ya zo sauti ya ƙi, gobe intanet ta ɗauke. In ta rikice kuma babu inda za ka kai ƙara, don ba wanda ya aike ka. Babaji ya samu komai ya zauna, saura abu biyu. Sifika ba ta taɓa cewa uffan ba tun da ya haɗa. Sannan barci. In ya sa kwamfutar barci sai fanka ta tsaya, ɗaki ya yi tsit, kafin ka ce kwabo ta farka da kanta.

Da farko a kan kwali take zaune tsirara, tana aikinta lafiya. Matsalar barcin ta fara ne ranar da ya sa ta a akwati. Shi akwatin, tsohon na ƙarfe ne, mai nauyi, ya ɗauko shi a shagon buga takardu na kawunsa marigayi da ke Gobarau, shagon da ya yi shekaru a kulle ba mai shiga sai gizo-gizo. A gaban akwatin akwai ramin USB guda, irin wanda ake soka filas, an toshe shi da jar laka ƙam, irin ginin zanzaro. Ya sa tsinke, lakar ta ƙi fita. Sai ya aro bulowa wajen abokinsa Almu mai gyaran waya, injin nan mai hura iska mai zafi da suke narka dalma da shi. Ana shirin kiran magariba ya kafa bakin bulowar a ramin. Ramla ta leƙo ta ce ya bari sai da safe mana, ya ce minti ɗaya ne. Lakar ta fashe ta zubo. Wani wari ya biyo baya, ba na roba ba, kamar ana babbakar kan akuya. Ya ce ƙwari ne. Ya share, ya ɗaure bod a ciki, ya tada ta.

Tun daga ranar Fadila, jaririyar da ko zama ba ta fara ba, ta daina barcin kirki. Jikinta ya yi ɗumi, ya sauka, ya sake ɗauka. In an ɗauke wuta har ɗan batirin Babaji ya ƙare, zazzaɓin sai ya yi sama. Sun je asibiti, an auna, an ce ba a ga komai ba, zafin bazara ne, a riƙa shafa mata ruwa. Kowa ya yarda, don zafin Katsina a wannan lokacin ko babba sai ya yi kuka.

Ranar da nake ba ka labari, bayan la'asar sakaliya, Almu ya yi sallama ya shigo karɓar bulowarsa.

"Injiniya na ƙasa da ƙasa. Ya gida, ya iyali, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya kasuwa, ya mutanen Ƙofar 'Yandaka?"

"Suna gaida mai Mac ɗin gwanjo. Har yanzu ba ta yi barcin ba?" Ya ɗaga murya wajen labule. "Maman Fadila, sannu da haƙuri da wanga mutum."

"Yawwa Almu, sannu da zuwa. Ka yi mishi magana ko kai ya ji."

Babaji ya jawo masa kujera ya ce ya zo ya ga wani abu. Ya binciko abin da ke tada kwamfutar, ita da kanta ta nuna cewa daga wani ramin USB ake taɓo ta. Maganin wannan sananne ne a wajen masu irin wannan haɗin. Akwai 'yar manhajar da ke jero maka ramukan duka a allo. Sai ka ɗauki filas ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sokawa, wanda ka soka ya yi kore, ka san shi ne wannan. Waɗanda ba su da amfani ka goge su, tsarin ya manta da su.

Ya zare komai, har kibod da maus, ya bar bayan akwatin wayam. Ramukan duk suka yi fari a allo.

Ban da guda ɗaya. Yana nan kore shar, alamar akwai abu a ciki. Wajen da ya kamata sunan abin ya fito kuma babu komai.

"Na gaba ne," Almu ya ce. "Ka manta da na gaba."

"Leƙa ka gani."

Almu ya leƙa ta gefen akwatin da ke buɗe. Wayar ramin gaba tana lilo, a naɗe da kyauro, ba a jona ta da komai ba. Babaji bai taɓa jona ko ɗaya daga wayoyin gaban ba, har da ta maɓallin kunnawa, don tsofaffi ne, bakinsu bai dace da bod ɗin ba. Da sukudireba yake tada ta, ya zura hannu ciki ya haɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu, ta tashi.

Almu ya yi dariya. "Bod ɗin gwanjo ce, ta ruɗe. Kai ma in aka ce ka riƙa amsa sunan wani ai sai ka ruɗe. Mi Turawanka suka ce?"

Akwai wani dandali na intanet inda masu irin wannan haɗin ke taimakon juna, Babaji ya kai kukansa can tun shekaranjiya. Mutum ɗaya ne ya tanka, shi ma a gajarce. Ya ce kayanka ba sa cikin waɗanda muka sani, ba wanda zai iya ce maka komai, ka goge ramin, ka kuma hana USB tada ta gaba ɗaya.

"To mi kake jira?" in ji Almu.

Shi ma bai san me yake jira ba. Ya mayar da kibod da maus, ya goge ramin. Ya ƙara da gyaran da zai sa duk abin da aka taɓa ta USB kar ya tada ta. Ya sake kunna ta, ta hau lafiya. Ya danna barci.

Fanka ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya.

Suka zuba wa allon ido. Baƙi. Aka jima. Baƙi dai. A uwar ɗaka Fadila ta ɗan yi ƙananan kuka, sai ta yi shiru.

Almu ya ba shi hannu suka tafa a hankali. A daidai nan ladanin unguwa ya ɗaga murya. Almu ya ɗauki bulowarsa ya ce su tafi masallaci, Babaji ya ce ya yi gaba, zai ɗan ƙara dubawa ya ga ko ta riƙe, yanzu zai biyo shi.

Ta riƙe kuwa. Ya fita tsakar gida ya yi alwala yana murmushi shi kaɗai. Rabonsa da jin gidan shiru haka har ya manta. Sama ta yi ja, jemagu sun fara fita, ƙamshin miyar kuka na shigowa daga gidan maƙwabta. Yana ɗaura agogo ya ji Ramla ta kira shi. Ba da ƙarfi ba. Da ma da ƙarfi ta kira da hankalinsa bai tashi haka ba.

"Abban Fadila. Zo ka taɓa ta."

Yarinyar tana kan cinyarta, ido a rufe, baki a buɗe kaɗan. Ya ɗora tafin hannunsa a cikinta ya janye da sauri. Kamar ya taɓa dutsen guga.

"Na jijjiga ta, ba ta motsa ba," Ramla ta ce. "Dubi nan."

Ta ɗaga 'yar rigar. A gefen haƙarƙarin fata ta yi ja, kuma suna kallo wani ƙurji mai ruwa ya taso, irin na ƙuna. Wani ya biyo shi a gefe.

Sai warin ya iso. Babbaka.

Ramla ta ɗago ta dube shi. "Ranar da ka hura wutar nan cikin ramin nan, ka yi bismilla?"

Bai yi ba. Tun yana yaro ya san ba a zuba ruwan zafi a rami, balle da magariba, sai an ambaci sunan Allah an ba mutanen ɓoye masu wurin dama su kwashe 'ya'yansu. Ko a makwararar wanka ba ya mantawa. Amma wa zai kawo wannan a ransa a kan ramin USB?

"Ɗauko mayafinki mu tahi asibiti," ya ce.

Ramla ba ta motsa ba. Kanta a karkace yake, tana saurare.

Daga falo ne. Sifikar nan da ba ta taɓa magana ba.

Fuu. Fuu. Fuu.

Ba ƙarar inji ba ce. Baki ne. Yadda uwa ke hura wa yaro hannu in ya taɓa tukunya. Ana hurawa, a ja numfashi, a sake hurawa, kuma kana jin mai hurawar ta gaji. A ƙarƙashin wannan akwai wani ɗan siririn kuka, ƙarami ƙwarai, wanda ya kusa ƙarewa.

Nan Babaji ya gane abin da ke tada kwamfutarsa duk kwanakin nan. Ba ƙarar fanka ce ke sa Fadila kuka ba. Tsayawarta ce. Wata ce ke tada fankar don ta samu iskar da za ta fifita wa nata ɗan, shi kuma yanzu ya toshe mata hanya.

Ya faɗa falo. Ya danna kibod. Ya daddanna da hannu biyu. Ya girgiza maus.

Babu. Shi da kansa ya hana.

Falon ya yi duhu, irin duhun magariba da ba ka sanin shigarsa. Ya lalubi makunnin fitila ya danna, ƙwan ya yi ja kamar garwashi, bai haska komai ba. A masallaci an tada sallah, yana jin muryar liman can nesa kamar daga wani gari.

Ya laluba kan tebur ya samo sukudireba. Ya durƙusa a gefen akwatin. Zafi na fitowa daga ciki kamar bakin tanda, ga injin a kashe.

Fuu. Fuu.

Yanzu ba daga sifika yake jin sa ba. Daga cikin akwatin ne.

"Numfashinta na yin sama-sama," Ramla ta ce daga ɗaki. Muryarta ba ta ko rawa. "Abban Fadila."

Ya zura hannu.

Aka riƙe shi.

A wuyan hannu. Yatsu ne, sirara, busassu, suka zagaye hannun suka sake zagayowa. Ya ja, ko gezau. Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, farkon ayar ma ya ɓace masa.

Hurawar ta tsaya.

Muryar ba daga akwatin ta fito ba. A bayan kunnensa take, har yana jin ɗumin numfashin a wuyansa. Mace ce, kuma a hankali take magana, kamar mai gudun tada yaro.

"Ka ƙona min shi."

Ya kasa juyawa.

"Na ƙyale ka. Iska kawai nake ɗiba. Ita ma ka hana."

"Ban sani ba," ya ce. Shi kansa da ƙyar ya ji abin da ya faɗa. "Wallahi ban sani ba."

"Shi ma bai san komai ba. Taka ma haka."

Yatsun suka ƙara matsewa. Ya ji fatarsa na ƙuna. Sukudireban na neman suɓucewa, ya damƙe shi da 'yan yatsu biyu.

A ɗaki Ramla ta fara kiran sunan yarinyar, tana maimaitawa, tana maimaitawa.

"Ki bar ni in tada ta," ya ce. Hawaye na shiga masa baki. "Don girman Allah. Ba zan ƙara kashewa ba."

Shiru.

Siririn kukan nan ma ya ɗauke.

Ba a sake shi ba. An dai sassauta, daidai yadda hannun zai iya motsi. Ya tura sukudireban cikin duhu, inda ya saba. Ya taɓa ƙarfe, ba nan ba ne. Ya matsa. Bakin sukudireban na ta ƙwanƙwasar bod. Ya sake matsawa.

Ƙyas.

Fanka ta motsa. Ta yi kamar za ta tsaya. Ta ɗauka.

Fuuuu.

Aka cika shi, ya faɗi da baya kansa ya bugi ƙafar kujera. Ƙwan fitila ya kawo fari tas. Falon ba kowa, sai takalmansa da buta a bakin ƙofa.

Sai Fadila ta tsage da kuka, mai ƙarfi, irin na yaro mai jin yunwa. Babaji yana kwance a ƙasa yana saurare, bai taɓa jin abu mai daɗin wannan ba.

Da Almu ya dawo daga masallaci ya zo tsiyar an ƙi zuwa sallah, ya tarar da shi a gaban allo yana mayar da ramin da ya goge, yana kashe barcin gaba ɗaya, da hannun hagu, don na daman ya kumbura. Almu ya kalli shatar da ke wuyan hannun, zagaye biyu, bai yi tsiyar ba. Bulowar ma a ƙofar gida ya manta ta, kuma bai dawo nema ba.

Washegari aka kira wani malami daga Gobarau, dattijo, abokin marigayi kawun. Ya yi addu'o'insa, ya tofa a ruwa aka shafa wa yarinyar. Babaji ya ce a fitar da su daga gidan mana. Malam ya ce da su suka shigo maka da sai a kore su, amma kai ka je har inda suke ka ɗauko su, ka kuma yi musu rauni, da wane bakin za a ce su tashi da majinyaci? A bari ya warke. Babaji ya ce zuwa yaushe? Malam ya ce shi bai sani ba, kwanakinsu ba irin namu ba ne.

Ramla ta kwashe Fadila ta koma gidansu can wata unguwa, ko nisa zai raba. Ranar da batir ya ƙare a Ƙofar Durbi, kafin Babaji ya tada janaretan maƙwabci har ta kira shi a waya tana cewa jikin ya ɗauka. Sai ta dawo, don gara tana ganin fankar da idonta. Ya sayar da kyamararsa ya sa sola da manyan batura. Ba ya aiki da kwamfutar, ba ya bari a matsa kusa da soket ɗinta, ko shara ba a yi a wannan lungun. Ramin nan yana nan kore a allo. Zanzaro bai taɓa shiga falon ba, amma jar laka ta sake rufe bakin ramin.

Fadila yanzu tana gudu a tsakar gida, tana kiran Almu da Ammu. Tabon na nan a haƙarƙarinta, bai girma ba, bai kuma baje ba.

To a satin da ya wuce fankar ta fara wata ƙara, kar-kar-kar, irin ta fankar da ta gaji. Da ma ta gwanjo ce. Almu ya kawo sabuwa fil a kwali, suka jona ta a gefe ba tare da sun kashe komai ba, ta kama juyawa lafiya lau, iskarta ma ta fi ta tsohuwar. Babaji ya yi bismilla, ya sa ɗan yatsa ya tsayar da tsohuwar don ya gwada, na ƙiftawar ido kawai. A tsakar gida Fadila ta saki kofin da ke hannunta ta dafe haƙarƙari.

Ya ɗiga wa tsohuwar fankar man keke, ƙarar ta lafa kwana biyu ta dawo. Ya koma dandalin nan ya tambaya yadda ake gyara fanka tana cikin juyawa, wani ya sa masa hoton dariya, wani ya ce ya kashe ya canza mana, aikin minti biyu ne. Jiya da na biya ta gidan na same shi zaune a ƙasa kusa da akwatin, ya kasa kunne, Ramla na tsaye a bakin labule ita ma tana saurare.

Kai da ka san kan kwamfuta, ko kai da ka san kan waɗancan, in Babaji ya tare ka gobe a Ƙofar Durbi ya ce ka ba shi shawara kafin fankar nan ta tsaya, me za ka ce masa ya yi?